Silifas Biyu na Inna

Washegarin ranar da aka kai Inna makwancinta, gidanmu na Dutse Alhaji ya cika ya batse har bakin titi. Inna surukata ce, mahaifiyar maigidana, kuma shekara goma sha ɗaya muka yi da ita a gida ɗaya. Maza suna waje a kan tabarmi da kujerun roba, mata suna ciki, masu gaisuwa na ta shigowa. Duk wanda ya yi sallama, kafin ɗayanmu ya buɗe baki, namijin talotalon Inna da ke bayan gida ya riga mu amsawa: gulu-gulu-gulu! Halinsa ke nan tun tana raye. Ba ya jin sallama ya yi shiru.

Abokan aikina na ma'aikata suka riƙa toshe baki da mayafi suna danne dariya, sannan kunya ta kama su su sunkuyar da kai. Wata tsohuwa da ta zo daga ƙauyen su Inna ta girgiza kai ta ce, "Ku ƙyale shi, shi ma mutuwa aka yi masa." Maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu, Kirista ce 'yar Filato mai sayar da kayan miya a kasuwar Dutse, ta ƙi hawa tabarma. Ta zauna dirshan a ƙasa tana kuka da Hausarta ta Abuja: "Mama ya tafi. Wayyo, Mama ya tafi ya bar ni." Wata mata da ban taɓa gani ba ta riƙe hannuna ta ce lokacin da mijinta ya rasu Inna ta aika mata da kaza da zakara, kuma har yau marayunta na cin ƙwan jikokin wannan kazar. Gwaggo kuwa, ƙanwar marigayi surukina, da ta iso daga Kaduna idanunta jajur, cewa ta yi a san yadda za a yi da tsuntsun nan, gidan makoki ne nan ba kasuwar kaji ba.

Kowa ya faɗi alherin Inna, kuma gaskiya suka faɗa. Ni ce ban ce uffan ba. Yanzu nake so in faɗi nawa, don kada a manta da ita, kuma don a san abin da na yi mata, tunda har yau babu wanda ya tsayar da ni ya tuhume ni.

Ana gobe za ta cika, a gadon asibiti, ta aiki ɗanta ya nemo mata ruwan zafi, ruwan da ba sha za ta yi ba. Yana fita ta kama bakin mayafina.

"'Yar boko," ta ce. Haka take kirana, tun ina jin haushi har na saba. "Tsuntsayena amana ne a hannunki. Wancan yaron ba shi da lokaci." Ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Kada ki haɗa musu ƙasa. Ko me za a yi, kada ki haɗa musu ƙasa."

Na ce, "Haba Inna, ke za ki tashi ki ci gaba da kiwonki."

Ta ce, "Ki ce kin ji."

Na ce na ji.

Talotalo bakwai ne a lokacin, da kaji ashirin da wani abu. Kajin ba su dame ta ba, ko'ina ka je ka samu kaza. Talotalon ne ranta. Irin nasu masu ruwan toka ne, da ratsin fari a bakin fiffike, kuma asalinsu daga hannun mahaifiyarta suka fito. Ita ta ba ta mace da namiji ranar da za a kai ta gidan miji a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Shekara hamsin da ɗoriya Inna tana riƙe da irin nan bai yanke ba. Da surukina ya rasu, aka yi ta fama da ita ta dawo Abuja wurinmu, sharaɗi ɗaya ta kafa: da tsuntsayenta za ta zo. Gidan ƙauye daga baya ya rushe, aka sayar da filin. Ba ta da zinari, ba ta da gona. Abin da ya rage na gidan uwarta a duniya shi ne waɗannan bakwai ɗin.

Ba zan manta ranar da ta iso ba. Ni a lokacin sabon gida muka tare, na sa an zuba ƙasa mai kyau a bayan gida, na shuka furanni, ina ta burin wurin shan iska irin wanda nake gani a gidajen ogogina. Sai ga mota ta tsaya, ana sauke kwanduna biyu, kowanne da abin da ke motsi a ciki. Kafin sati ya zagayo furannina sun zama tarihi. Inna ta sa kafinta ya raba filin biyu da ragar waya, tsayinta ya kai kafaɗata. Hagu na kaji, dama na talotalo. Kowane ɓangare da ƙofarsa, da kaskon ruwansa, da tsintsiyarsa. A bakin ƙofofin kuma ta ajiye silifas biyu: ja na ɓangaren kaji, shuɗi na ɓangaren talotalo.

In za ta shiga wurin kaji ta sa jan. In ta fito ta tuɓe shi, ta taka a kan siminti, ta wanke hannu, ta sa shuɗin, sannan ta shiga wurin talotalo. Safe da yamma, rani da damina, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ranar da gwiwa ta dame ta har tana dafa bango, sai da ta tsaya ta sauya silifas ɗin nan.

Na tambaye ta dalili tun a makon farko. Ta ce, "Kaza da talotalo gaisawa suke ta waya. Ba sa taka ƙasa ɗaya."

"Saboda me, Inna? Faɗa suke yi?"

"Ƙasar kaza dafi ce ga talotalo."

"Wane irin dafi?"

"Haka na taras ana yi a gidanmu."

To, ni mai digiri biyu, aka ce mini "haka na taras." Na shiga ɗaki na ce wa maigidana mahaifiyarsa ta kawo mana camfi har cikin birnin tarayya. Ya yi murmushi ya ce in ƙyale ta. Shi haka yake, ko gida ke cin wuta sai ya ce a ƙyale.

Inna ba mai yawan magana ba ce da mutane, amma da tsuntsaye sai ka rantse taron biki take. Kaji takan zage su: "Ku dai ba ku da kunya, maroƙan banza." Talotalo kuwa lallashinsu take, ta ce su masu sarauta ne, ga girman kai ga saurin mutuwa. Ta ce ɗan talotalo wawa ne, in ba a nuna masa abinci ba sai ya mutu da yunwa a kan kasko. Don haka in an ƙyanƙyashe su takan zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta dafa ƙwai ta marmasa, ta riƙa ƙwanƙwasa faranti da ɗan yatsa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har su gane nan ake ci. Takan cika tsohuwar tukunya da kara da busasshen kashin shanu, ta yayyafa ruwa, ta kife a bayan katanga, washegari ta ɗauko cike da gara ta kakkaɓe musu. A Abuja fa! Ɓawon maɗaci ba ya yankewa a kaskon ruwansu. Dusa da tsaki kuwa sai na kasuwar Karshi, ta ce na kasuwar Gudu an cika masa yashi, ko da yake ban taɓa ganin yashin ba.

In macen talotalo ta fara ƙwai, Inna ba ta barinsa a gurbi. Kullum takan ɗauke na ranar, ta yi masa zane da gawayi, ta ajiye a ɗakinta har ya taru, sannan ta mayar wa uwar gaba ɗaya ta kwanta a kai, don su fito rana ɗaya. Inda take ajiyewa ban taɓa tambaya ba. Me ya dame ni da shi?

Faɗanmu mafi girma a kan tsintsiya muka yi shi. Wata Asabar ƙawayena za su zo, na ga bayan gida ya yi kaca-kaca, na ɗauki tsintsiyar da ta fi kusa na share ɓangaren kaji, na wuce da ita ɓangaren talotalo, da takalmina na ofis a ƙafa. Inna ta fito daga wanka ta gan ni. Wallahi ban taɓa jin muryarta ta tashi haka ba.

"Fito! Fito mini daga nan!"

Ni ma zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Inna, gidan nan fa nawa ne. Na haƙura da wari, na haƙura da ƙuda, na haƙura da kuka tun asuba. Yanzu shara ma sai na nemi izini? Kashi kashi ne, na kaza ko na talotalo!"

Ta dube ni ta ce, "Gidan naki ne. Ƙasar nan tasu ce."

Ta ƙone tsintsiyar. Ta kwashe talotalon ta kulle a ɗakin ajiya, ta ɗauki fartanya ta kankare saman ƙasar duk inda na taka, ita kaɗai, tsohuwa mai shekara saba'in, ta sa aka kawo yashin rafi ta zuba. Kwana uku ba ta ci abincina ba. Ni kuma na ƙi ba ta haƙuri, don a ganina ni aka yi wa laifi a gaban idon maƙwabta. A rana ta huɗu na tarar da dafaffen ƙwai biyu a cikin jakata ta ofis, a naɗe cikin leda da ɗan gishiri. Shi ke nan sulhun. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa cewa ta yafe mini ba.

Duk shekara in Kirsimeti ta gabato, mutanen unguwa sukan yi layi a kan talotalonta. Takan sayar da maza biyu ko uku, ba ta taɓa sayar da mace ba. Na Maman 'Yan Biyu kuwa kyauta ne, kuma shi ne mafi ƙiba. Ita ma da Sallah ta ƙarato sai ga kwandon tumatir da attarugu a ƙofar Inna. Su biyun nan sukan zauna da la'asar a bakin waya, ɗaya Hausarta ta fi ƙarfin ɗaya, suna dariya kamar tagwaye. Maman 'Yan Biyu ce kaɗai Inna ta yarda ta sa shuɗin silifas. A gidanmu kuwa ba a yanka talotalo. Ɗanta ya roƙa, jikokinta sun roƙa, ta ce su ci kaza.

Sau ɗaya tak aka karya wannan doka, kuma saboda ni aka karya ta. Shekara biyar da zuwanta na yi ɓarin ciki wata biyar, namiji, bayan 'yan mata biyu da nake da su. Na dawo daga asibiti na tarar maganganu sun riga ni isowa. Wai yawan hawa mota ne, wai aikin ofis ne, wai mace mai ciki ba ta da abin yi a cunkoson hanyar Bwari tun ƙarfe shida na safe. Na kulle kaina a ɗaki, ba na ci ba na sha. Da azahar na ji ƙamshin farfesu. Inna ta turo ƙofa da kwano a hannu, ta zauna a bakin gadona, abin da ba ta taɓa yi ba. Na duba kwanon na ga cinya ta fi ta kaza girma.

Na ce, "Inna, wanne kika yanka?"

Ta ce, "Ci."

Macen da ta fi so ce, uwar garken. Na fashe da kuka na ce ni na kashe ɗana. Ta ajiye cokali ta ce, "Ke 'yar nan, shekara nawa ina sa wa kaza ƙwai? Wani ya fashe, wani ya ƙi. Bara-gurbi ba laifin kaza ba ne." Ta zauna har sai da na cinye. Da wata dangin mijina ta zo dubiya ta fara zancen ofis, Inna ta ce mata, "In kin gama dubiyar, ga hanya." Tun daga ranar na daina jin warin bayan gida. Amma silifas ɗin, a zuciyata, ban daina ɗaukarsu camfi ba.

To, mu koma ranar makoki.

Wajen hantsi mata sun yi yawa har babu wurin taka ƙafa. Masu girki suna neman inda za su kafa manyan tukwane, falo ya cika, tsakar gida ta cika, wasu tsofaffi suna tsaye a rana. Namijin talotalo yana ta gulu-gulu a kan kowace sallama. Gwaggo ta sake cewa, "Wai ba matar gida a gidan nan ne?" Maganar ta soke ni. Na leƙa bayan gida na ga ɓangaren talotalo fili ne mai faɗi, a share tas, ga inuwar mangwaro. Na kira masu kafa rumfa na ce su cire wayar tsakiya, su kora talotalon can ƙuryar kaji su tare su da ita, a shimfiɗa tabarmi a nan.

Maman 'Yan Biyu ta taso da gudu, zaninta na kwancewa. "Madam, a'a! Mama ba ya so haka fa. Madam, ƙasa ɗin!"

Na ce, "Don Allah rabu da ni! Mutane na tsaye a rana kina yi mini zancen ƙasa? Kwana uku ne kawai."

Ta tsaya ta dube ni, ta juya ta koma inda take zaune. Ba cewa zan yi na manta da maganar asibiti ba. Ƙarya ne in na faɗa. Na tuna ta sarai lokacin da ake zare ƙusoshi. Na ce a raina kwana uku ba za su yi komai ba, kuma mai camfin ta riga ta tafi.

Kwana ukun suka zama bakwai, don baƙi ba su yanke ba sai bayan sadakar bakwai. Talotalo bakwai suna cikin kaji, suna tonon ƙasa ɗaya, suna shan kasko ɗaya. Da aka kwashe rumfa na sa aka mayar da waya inda take, na kora su gida. Jan silifas yana nan. Shuɗin ƙafa ɗaya na samu, ɗayar ta bi takalman masu gaisuwa. Na duba tsuntsayen na ga lafiyarsu ƙalau, har na ce wa Maman 'Yan Biyu, "Kin gani ko?"

Kwana biyar bayan haka, na fito da safe na ga ɗaya daga cikin ƙananan ya tsaya a gefe, ya saki fukafukai, ya rufe ido. Kashinsa ruwan ɗorawa ne. Na zuba maɗaci, na zuba barkono, na sayo maganin kaji a kasuwa. Kwana biyu ya mutu. Kafin in binne shi biyu sun saki fukafukai. Kajin kuwa ko a jikinsu, suna ta tone-tonensu, zakara na cara kamar an yi masa albishir.

Na ɗauki hutu a ofis na kira likitan dabbobi. Saurayi ne mai natsuwa. Ya duba kashin, ya buɗe cikin wanda ya mutu da safen ya nuna mini hantar, duk ta yi tabo zagaye-zagaye kamar an ɗora mata kwabbai. Ya tambaye ni, "Hajiya, sun taɓa haɗuwa da kaji?"

Na ce kwana bakwai kawai.

Ya ce ai ko kwana ɗaya ya isa. Ya ce cuta ce da kaza ke yawo da ita a cikinta ba ta yi mata komai, tana fita a kashinta ta zauna cikin ƙasa, talotalo in ya tsattsaga a wurin ya ɗauka. Takalmi ma yana ɗaukarta, tsintsiya ma. Ya waiga ya ga ƙofofi biyu, da kasake biyu, da jan silifas da shuɗi ƙafa ɗaya. Ya ce, "Wa ya tsara wurin nan? Ai abin da aka koya mana a makaranta ke nan."

Na zauna a kan kujerar Inna 'yar tsugunno. Na ce ya faɗi kowane magani ne zan saya. Ya ce zai ba da abin da zai iya, amma kada in sa rai. Ya ƙara da cewa yanzu ɓangaren daman ma ya ɗauka, tunda marasa lafiya sun yi kashi a ciki, kuma abin yakan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. Ƙasar da tsohuwa ta tsare shekara goma sha ɗaya da silifas da tsintsiya, ni na ɓata ta tsakanin hantsi da azahar.

Ɗaya bayan ɗaya suka tafi. Ina ɗura musu magani da cokali, ina roƙonsu kamar yadda take roƙonsu, ina ce musu masu sarauta. Ba su san muryata ba. Namijin ne ƙarshe. Ya rame, jan wuyansa ya dushe, ya daina buɗe wutsiya. Ranar da maigidana ya dawo daga aiki ya yi sallama tsuntsun bai amsa ba, ya ajiye jakarsa ya wuce bayan gida. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce in kawo wuƙa, kada ya zama mushe. Ya yanka shi da hannunsa, ya haƙa rami a gindin mangwaro ya binne, don babu mai iya ci. Na tsaya ina jira ya ce wani abu. Na so ya zage ni, ya ce na ci amanar uwarsa, ya ce in tafi gidanmu. Amma sai ya wanke hannu ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Da ma mari ya yi mini.

Ana saura mako ɗaya sadakar arba'in, muka shiga gyara ɗakin Inna, ni da Maman 'Yan Biyu, wadda ta ci gaba da shigowa gidana duk da abin da na yi mata. Ta durƙusa za ta share ƙarƙashin gado sai ta yi ƙara. Ta jawo ƙwarya rufe da faifai. A ciki, kwance cikin dusa, ƙwan talotalo ne guda tara masu ɗigo-ɗigo, kowanne da zanen gawayi. Hannun Inna ne. Ta tara su kafin a kai ta asibiti, tana jira su cika.

Muka dubi juna. Ta ce, "Madam, ya daɗe fa. Ya wuce wata." Na ce na sani. Ta ce akwai shekarar da macen talotalo ta ƙi kwanci, Mama ya sa wa kaza ƙwan a cikin baho da yashin rafi, ranar da suka fito ya ɗauke su. Muka yi sa'a cikin kajin Inna akwai wata baƙar kaza da ke kwanci. Na sayo sabon baho, na je da kaina na ɗebo yashi a rafin da ke bayan unguwa, na soya shi a kasko kamar gyaɗa don kada wani abu ya rayu a ciki. Muka sa bahon a ɗakin Inna, muka jera ƙwai tara, muka ɗora kazar. Ta gyara zama ta rufe su.

Kwana ashirin da takwas ƙwan talotalo ke yi. Na ƙirga su ɗaya-ɗaya. Aka yi arba'in, aka watse, ina ƙirga. A ofis fayil na gabana, hankalina na cikin baho. Na yi azumi, na yi sadaka, na roƙi Allah abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba: guda biyu kawai, mace da namiji. Ban gaya wa maigidana ba, amma na ga yana rage tafiya in ya zo wucewa ta ƙofar ɗakin.

A rana ta ashirin da takwas, da hantsi, na ɗaga kazar na ga ƙwai ɗaya ya tsage, ɗan baki ya leƙo. Na kara a kunnena na ji shi, tsiy, tsiy, siririyar murya kamar daga cikin rijiya. Na ruga na kira Maman 'Yan Biyu. Na dafa ƙwai na marmasa a faranti, na zauna ina jira in ƙwanƙwasa masa da ɗan yatsa. Ta ce kada in taɓa, Mama ba ya taimaka musu, su suke fitowa da kansu. Muka zauna. Azahar ta yi, tsagar ba ta ƙaru ba. Kafin la'asar muryar ta ɗauke. Na ɓare ɓawon a hankali na same shi a naɗe, jiƙe, gashinsa ruwan toka.

Muka ba sauran kwana uku. Kazar ta gaji ta tashi ta bar su. Na girgiza su ɗaya-ɗaya, ruwa ne ke motsi a ciki. Maman 'Yan Biyu ta dafa kafaɗata ta ce, "Madam, Mama yakan ce ba laifin kaza ba ne."

Na ce, "Na sani. Na san ko laifin wa ne."

Ta ce in ina so za ta raka ni Karshi mu sayo wasu. Na ce ta bari. Talotalo na nan a kasuwa, farare da baƙaƙe, amma ba su aka ba ni amana ba, kuma ba ni da ƙasar da zan sauke su. Kajin suna nan, sun ma ƙaru. Ina ba su dusa safe da yamma da jan silifas a ƙafata, ina zaginsu yadda take zaginsu. Ɓangaren dama ciyawa ta fara cinye shi. Shuɗin silifas ƙafa ɗaya yana bakin ƙofa, ban iya ɗauke shi ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya makwancinta, ya saka mata da alherin da ta yi wa masu baki da marasa baki. Ni ban san da wace fuska zan gan ta ba. Na tsintsiya ban nemi gafara ba tana raye, balle wannan.

Maigidana har yau bai ce mini komai ba. Amma kullum in ya dawo daga aiki ya tura ƙofa ya yi sallama, yakan ɗan tsaya kafin ya shigo, daidai tsawon lokacin da tsuntsun ke ɗauka ya amsa. Bai san yana yi ba. Ni da ke kicin nake amsa masa, da ƙarfi, da sauri, don in rufe wurin. Na kuma san ba muryata yake jira ba.